Mene ne Yankin Ciniki Marar Haraji na Jabal Ali?

Yankin ciniki marar haraji fili ne da gwamnati ke keɓewa, galibi a gefen tashar jiragen ruwa, inda ake sauke kaya, a adana su ko a sarrafa su, sannan a sake fitar da su waje ba tare da an biya kuɗin fito ba, wato harajin kwastan. Na Jabal Ali da ke Dubai, wanda aka kafa a 1985, ya yi fice domin ya bai wa baƙo damar mallakar kamfani shi kaɗai a lokacin da dokar ƙasar ke tilasta masa yin tarayya da ɗan ƙasa. Sai dai kayan da suka ƙetara zuwa kasuwar cikin gida suna biyan haraji.

Wannan tsari, tare da kamfanin jiragen sama na Emirates da aka kafa a shekarar ta 1985, shi ya mayar da masarautar Dubai, wadda man feturinta bai taka kara ya karya ba, zangon fatake da masu yawon buɗe ido. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai 'yan kasuwar Kano da ke saro atamfa, turare da wayoyin hannu daga Dubai, waɗanda tsadar dala da ƙa'idojin biza suka fi damun su.