Baƙin allo da fararen haruffa: abin da ya sa masu kula da kwamfutoci ba su rabu da shi ba

Duk wanda ya leƙa inda ake kula da manyan kwamfutocin banki ko na kamfanin sadarwa, waɗanda ake kira saba, zai tarar da ma'aikata sun duƙufa a kan wani baƙin allo, babu hoto, babu abin latsawa, sai haruffa. A nan ma'aikaci ke rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, wata manhaja da ake kira shel ta karɓa ta aiwatar. Wasu na ganin tsohon yayi ne, wasu kuma su ce burga ce. Gaskiyar magana ita ce wannan hanya ta daɗe ne saboda tana mayar da aiki rubutu, shi kuwa rubutu ana karanta shi, a gyara, a maimaita, a bar wa na baya.

Tushen abin yana cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a 1969. A 1973, bisa shawarar Douglas McIlroy, aka shigo da dabarar bututu, wato a sa sakamakon wani umarni ya zarce kai tsaye cikin na gaba. Stephen Bourne ya fitar da nasa shel a 1979, Brian Fox kuma ya fito da Bash a 1989, wanda har yau shi ne aka fi tararwa a kwamfutocin Linux. Amfanin bututun a fili yake. A ce ɓarayin intanet na ta gwada kalmar sirri a wata saba, rajistar shige da fice kuma ta kai dubban layuka. Ma'aikaci zai sa grep ya tsamo layukan da aka kasa shiga, awk ya ciro adireshin mai gwadawa, sort ya jera su, uniq ya ƙirga. Da layi guda ya san daga ina aka fi kawo farmaki, aikin da ido ba zai gama a wuni ba.

Idan aka tara irin waɗannan umarni a fayil guda, an sami rubutaccen shiri da ke gudana da kansa. Manhajar cron za ta tashe shi ƙarfe biyun dare ya kwafi bayanai zuwa ma'ajiya, ko da mai aikin yana barci. Ta hanyar ssh kuma, wato manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, gyaran da aka yi wa saba ɗaya za a yi wa ɗari daidai wa daida, kuma da yake haruffa kawai ke tafiya, aikin na yiwuwa har a wuraren da intanet ke jan ƙafa, lamarin da ma'aikatanmu suka sani sarai. Wanda ke aiki da latse-latse, ranar da ya bar ofis ya tafi da ilminsa a ka. Wanda ya rubuta, ya bar wa magajinsa abin dubawa. Kamfanin Microsoft ma, da ya yi suna da tagogi da hotuna, ya fito da PowerShell a 2006, sannan a 2016 ya buɗe hanyar amfani da Bash a cikin Windows 10.

Masu suka na cewa hanyar tana da haɗari, kuma suna da hujja. A nan umarni zarar bunu ne: rm yana goge fayil ba tare da ya ajiye shi a kwandon shara ba. A 2015 an gano kuskure a shirin da ke tayar da manhajar wasanni ta Steam a Linux, inda gurbin da ya kamata ya riƙe adireshin folda kan zama fanko, sai umarnin gogewa ya faro daga tushe ya share fayilolin mai kwamfutar. A ƙarshen Janairun 2017 kuma wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai a sabar da ba ita ya nufa ba, aka yi asarar bayanan kusan awa shida, domin hanyoyin ajiyar kwafi da aka dogara da su ba sa aiki yadda aka zata. Sai dai a duba da kyau. Kuskuren Steam a rubuce yake, shi ya sa aka gan shi aka gyara wa kowa lokaci guda. Na GitLab kuwa hannu ne ya buga shi cikin dare da gajiya, ajiyar kuma ba a gwada ta ba. Maganin duka biyun ladabin aiki ne: shiri ya tabbatar gurbi ba fanko ba ne kafin ya goge komai, a fara gudanar da rsync mai kwafar fayiloli a yanayin gwaji don ganin abin da zai taɓa, a bi rubutu da ShellCheck mai tono kurakurai, kada a zauna da cikakken ikon shugaban kwamfuta sai da larura, a kuma riƙa gwada dawo da abin da aka ajiye.

Wasu kuma na cewa ba sai an wahala ba, tunda manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta umarni cikin daƙiƙa. Haka ne, amma wanda bai iya karanta umarni ba, ba zai gane mai gyara da mai ɓarna ba, alhali shi za a tuhuma in bayanan jama'a sun salwanta. Gaskiya ne kuma shel na da iyaka. In shiri ya yi tsawo ya cika lissafi, gara a koma harshe irin Python. Wannan bai rage darajar shel a ayyukan yau da kullum ba.

Saboda haka matashin da ke neman wannan sana'a ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfuta, ya koyi umarni kaɗan-kaɗan, ya riƙa karanta bayanin kowanne ta hanyar umarnin man, kada kuma ya gudanar da abin da bai fahimta ba. Shugabannin ma'aikatu su ma su nemi a rubuta duk aikin da ake maimaitawa, wani ya duba kafin a yi amfani da shi, domin bayanan da ke cikin waɗannan na'urori amanar jama'a ce.