Tubali da Bulo: Daga Ina Kalmomin Suka Fito?

Sa'ad da ƙungiyar manoma ta tashi gina ɗakin ajiyar hatsi, gardama takan soma tun ba a haƙa harsashi ba. Wasu su ce a yi da tubali, wasu su ce bulo, wani kuma yana tsammani duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Tubali tsohuwar kalma ce ƙwarai. Masana harshe suna danganta ta da kalmar Larabci "tub", Larabawa kuwa daga bakin mutanen Masar suka karɓe ta. Wanda ya karanta Littafin Fitowa sura 5 zai tuna da aikin da Fir'auna ya ɗora wa Isra'ilawa, na kwaɓa ƙasa da ciyawa. Ashe sana'ar da sunanta tare suka yi tafiya. Namu tubalin da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya shi a rana har ya bushe, sa'an nan magini ya jera, ya bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Bulo kuwa baƙo ne. Turawa suna cewa "block", mu muka lanƙwasa shi. Haka ma birkila, watau "bricklayer", mai jera bulo da siminti. Kalmar magini ta fi faɗi, gama daga "gina" ta fito: ko da ƙasa yake aiki, ko da dutse, ko da bulo, magini ne.

Mu mutanen bakin tafki mun san bambancin a jikinmu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da ƙauyuka, aka tayar da mutane wajen 44,000, har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yauri, aka ba su gidajen bulo. Da yawa suka koma suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefe. Ba mu ga laifinsu ba, ɗakin ƙasa ya fi sanyi da bazara.

Saboda haka in za ku rubuta yarjejeniya da mai aiki, a Ngaski ne ko a Shanga, kada ku ce "gini" kawai. Ku faɗi ko tubali ne, ko bulon siminti, ko jan bulo gasasshe. In bulon siminti ne, a rubuta ko inci 6 ko inci 9. In kuwa tubali kuka zaɓa kusa da ruwa, a sa dutse a harsashi domin kada laima ta ci gindin bango.