MAI NUNA WA KWAMFUTA HANYA: YADDA A KE GYARA DNS

Duk baƙon da ya taɓa sauka a Sabon Ibadan ko Agege da sunan ɗan'uwansa kaɗai a baki ya san darajar mai nuna hanya, domin suna ba ya kai mutum ƙofar gida sai an sami wanda ya san lungun. To, haka kwamfuta ta ke. Idan mutum ya rubuta sunan shafin bankinsa ko na hukumar JAMB, ita ba suna ta sani ba, lamba ta sani. Sai ta tambayi wata na'ura mai riƙe da kundin sunaye, watau DNS, a ba ta lambar, sa'an nan ta isa inda aka aike ta.

Kafin shekarar 1983 sunayen duka a cikin fayil guda su ke, wanda wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka ke kula da shi, kowa ya kwafa. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, sai wani masani mai suna Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, wanda a ke aiki da shi har yanzu.

Bisa al'ada kamfanin da ya sayar wa mutum intanet shi ke ba kwamfutarsa DNS ba tare da ya sani ba. Amma wani lokaci na kamfanin ya kan yi nauyi ko ya tsaya. Sai ka ga akwai data, fitilun na'ura suna ci, amma shafi ya ƙi buɗewa. Mai shagon kwamfuta a Idi-Araba ko Obalende sai ya ga masu cike takardu suna watsewa, ya ɗauki na'ura zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, alhali kuwa gyaran bai wuce na minti biyar ba.

Ga yadda a ke yi a Windows 10 da 11. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta ncpa.cpl, a danna OK. A sa linzami a kan layin da a ke amfani da shi, na waya ko na Wi-Fi, a danna ɓangaren dama, a zaɓi "Properties". A cikin jerin da ya fito a nemi "Internet Protocol Version 4", a danna shi sau biyu. A ƙasa akwai gurabe biyu na DNS. Idan da lambobi a ciki, a fara rubuta su a takarda domin gudun da-na-sani. Sa'an nan a zaɓi "Use the following DNS server addresses", a sa sababbin lambobi, a danna OK, a kashe kwamfuta a kunna. Masu Mac kuwa za su tarar da gurbin a cikin "System Settings", ƙarƙashin "Network".

Lambobin da aka fi sani kyauta ne. Na Google, wanda aka buɗe a 2009, su ne 8.8.8.8 da 8.8.4.4. Na Cloudflare, na 2018, su ne 1.1.1.1 da 1.0.0.1. Akwai kuma Quad9, watau 9.9.9.9, mai toshe shafukan da aka san na 'yan damfara ne. Magidancin da yara ke taɓa kwamfutarsa ya na iya sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3, waɗanda ke tare shafukan batsa.

Sai dai fa a yi hattara, domin mugun mai nuna hanya shi ke kai baƙo hannun ɓarayi. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana kama waɗansu mutane a ƙasar Estoniya da suka canja DNS na kwamfutoci kusan miliyan 4 a ɓoye, suna karkatar da jama'a zuwa shafukan da ba su nufa ba, har suka tara dala miliyan 14. Da irin wannan dabara a ke iya kai mutum shafin banki na jabu, ya miƙa lambar sirrinsa da hannunsa, kuɗin da ya tara domin aikawa gida su salwanta. Saboda haka kada a karɓi lamba daga wanda ba a sani ba, kuma idan aka tarar da baƙuwar lamba a gurbin nan, a cire ta. Ma'aikaci kuma kada ya taɓa kwamfutar ofis sai da izinin mai kula da ita.

Har ila yau, ba kowace cuta ce DNS ke magani ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, sa'ad da Facebook da WhatsApp suka tsaya wajen awa shida, 'yan ci-rani suka kasa jin muryar gida, laifin daga kamfanin ya ke, canja lamba ba zai amfana kome ba. Haka nan idan data ta ƙare.

Wanda ya gwada bai ga canji ba, sai ya koma gurbin ya zaɓi "Obtain DNS server address automatically", kome ya koma yadda ya ke. Allah ya kare mana dukiyarmu, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.