Damuwar da ta ƙi ƙarewa da abin da take yi wa zaman gida

Idan kana zaune a Kongolam, ka san abincin gari a bakin iyaka yake. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Ga cire tallafin mai a Mayun 2023. Ɗan dako da direba da ɗan canjin sefa sun daɗe suna kwana da lissafin cefanen gobe.

Mece ce doguwar damuwa?

Fargabar kwana ɗaya ba ciwo ba ce. Doguwar damuwa ita ce wadda ke bin ka wata da watanni ba hutu. Duk lokacin da hankalinka ya tashi, jiki kan saki wani sinadari mai suna kotizol, wanda ke shirya ka tunkarar haɗari. Idan tashin hankalin ya ƙi lafawa, sai barci ya ƙaurace, kai ya riƙa ciwo, jini ma yana iya hawa.

Me ya haɗa ta da iyali?

Wanda bai yi barci ba ba shi da haƙuri. Maigida ya dawo hannu rabbana, uwargida ta ce omo ya ƙare, sai ya ji kamar gori take yi masa. Ya daka mata tsawa, ko ya shige zaure ya yi gum. Ita kuma ta ɗauka ya daina sonta ne. Daga nan sai gaba, sai yaji, wani lokaci har saki, alhali ba ƙiyayya ce ta shiga tsakani ba. Shirun nan, a ganina, ya fi tsawar ɓarna, domin ba wanda ya san abin da zai gyara.

Wa ta fi shafa?

Kowa. Mata kan haɗiye tasu, a ce suna da kawaici. Yara kan nuna tasu ta fitsarin kwance ko ƙin makaranta. Wasu samari kan fake da tiramol.

Ba raunin imani ba ne?

A'a. Addu'a da neman magani ba sa karo.

Me za ka kashe?

Matakin farko kyauta ne: ka zaunar da iyalinka ka faɗa musu halin da aljihunka yake ciki, ku tsara cefane tare. Ka samu amini ko malamin da ke riƙe sirri. Awon jini a asibitin sha-ka-tafi ba shi da tsada. Idan baƙin ciki da rashin barci suka wuce mako 2, ka ga likita a Daura. In da buƙata zai tura ka wurin ƙwararru, kamar asibitin Dawanau a Kano. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar.