Gargaɗi Ga Iyayenmu: Gigin Tsufa Ba Dole Ba Ne

Iyayenmu maza da mata, da duk wanda Allah Ya bai wa tsoho a gida, a saurara. Mun daɗe muna ganin dattijo ya fara manta sunan jikansa, ya idar da salla ya sake tayarwa, ya fita masallacin ƙofar gida ya kasa gane hanyar dawowa, sai mu ce "ai tsufa ne" mu wuce. Wannan ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake samu ba. Kowa ya san ɗan shekara casa'in da har gobe yake lissafa iyakokin gonakin gari ba ya kuskure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da wannan larura, kowace shekara kuma ana samun sababbi kusan miliyan 10, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Har yau babu maganin da ke warkar da ita idan ta kama. Amma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da, in an kiyaye su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa. Kusan rabi ke nan. Sauran ya shafi gado da shekaru, ba a hannunmu yake ba, don haka kada a zargi wanda ya kamu da sakaci. Amma wanda yake hannunmu, me muke jira?

Na farko, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya sallama. Shekara da shekaru yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Wani ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki a dare ɗaya, wani kuma ya riƙa toshe masa jijiyoyi kaɗan-kaɗan ba a sani ba, har tunani ya tafi. Ga ɗabi'ar da ke kashe mu: likita ya rubuta magani, Alhaji ya sha wata guda, kai ya daina sarawa, sai ya ce "na warke", ya jefa sauran ƙwayoyin a aljihun babbar riga. Baba, ba ka warke ba. Maganin ne ya danne jinin, ranar da ka bari zai sake hawa. Kada a daina sai likita ya ce a daina, ko da azumi ne, a tambaye shi yadda za a raba lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Duk wanda ya kai arba'in ya riƙa auna jininsa, in awo ya kai 140 bisa 90 ya je asibiti. Haka ciwon suga, haka yawan kitse a jini. Ba a gane su da ido, sai an gwada.

Sai tukunya. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da muke murmusawa huɗu-huɗu a miya ɗaya. Inna, a rage. A koma wa daddawa, da zogale, da rama, da wake, da gero, da kifi. A sassauta wa lemon kwalba da soye-soye.

Yanzu maganata da 'ya'ya ce. Da yawanmu muna cutar da iyayenmu da sunan biyayya. Mutum ya samu hali, sai ya ce "Baba ka huta", ya raba shi da gona, ya raba shi da rumfar kasuwa, ya ɗauko shi daga ƙauye inda kowa ya san shi, ya ajiye shi a ɗaki mai sanyi a bayan doguwar katanga, ga talabijin, ga abinci sau uku, babu mai ce masa "ina kwana" sai mai kai kwano. Niyya mai kyau ce, amma kaɗaici da zaman wuri ɗaya duk suna cikin abubuwan nan 14. A bar shi ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa. A bar Hajiya ta tsinci wake, ta je suna da barka, ta koma Islamiyya in tana so. A riƙa neman shawararsu a kan aure da rabon gona, a bari su yi wa jikoki tatsuniya. Tafiya ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ce minti 150 da ake so. A ƙasar Finlan an gwada wannan a kan tsofaffi 1,260 na tsawon shekara biyu: waɗanda aka haɗa wa gyaran abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da kula da jini sun fi sauran riƙe kaifin tunani. An buga sakamakon a 2015.

Kunne da ido ma haka. Tsohon da ya daina ji sosai yakan gaji da cewa "me ka ce?", sai ya yi shiru a majalisa, daga nan ya daina fitowa. A kai shi a duba, wani lokaci datti ne kawai ya toshe kunnen, wani lokaci na'urar ji ake buƙata, kuma sa ta ba abin kunya ba ne. Yanar ido ana cire ta a asibiti cikin ɗan lokaci, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Don Allah kada a miƙa idon tsoho ga masu yawo gari-gari suna soka allura, da yawa sun makance a hannunsu.

Taba da giya a bari. Hayaƙin itace a rufaffen madafi da na janareta a ƙofar ɗaki a nisanta shi da tsoho. Mai hawa babur ya sa hular kwano, domin buguwar kai a ƙuruciya tana iya biyo mutum har tsufa. Baƙin ciki mai tsawo, musamman bayan rasuwar abokin zama, ciwo ne da ake magani.

In kuwa alamu sun riga sun bayyana, maimaita tambaya, ɓatan hanya, zargin an sace masa kuɗi, canjin hali, kada a ce sammu ne, kada a ɗaure shi, kada a bari yara su yi masa dariya, kuma wallahi kada wani ya kira tsohuwa mayya don ta yi sambatu da dare. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ta gaggawa ce, tana iya zama zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar suga ko illar wani magani, a tafi asibiti mafi kusa a ranar. Wadda ta zo a hankali, a nemi likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa ko asibitocin tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware. A tafi da duk magungunan da yake sha, na bature da na gargajiya, tare da wanda yake kwana da tashi da shi, don shi zai iya faɗa wa likita lokacin da abin ya fara.