Kafin Ka Ce Gejin Ya Ƙone

Da wuya ka ga mota a unguwar Kabong ta Jos wadda aka bar ta yadda kamfani ya ƙera ta. Wannan ya ƙara gejin zafin inji don bai yarda da na asali ba, wancan ya sa rediyo mai allo, masu Keke kuwa fitilu kala-kala da lasifika. Ran nan sai a tayar da mota a ga abin ya yi shiru, mai ita ya ce ai kayan jabu ne, ya nufi kasuwar Dilimi neman sabo. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa gare su.

Ni ma ya faru da ni. Gejin batirin da na ƙara ya ɗauke wata safiya cikin sanyin Disamba, na kai motar wurin wani mai rewaya kusa da Gada Biyu, na ce ya cire ya sa wani. Ya ce, "Oga, bari mu tambayi fiyus tukuna." Ya ɗauko fitilar gwaji, wato sukuddireba mai ƙaramin ƙwai a ciki, ya maƙala wayarta a jikin ƙarfen mota, ya ce in murɗa makulli. A bayan kowane fiyus akwai ƙananan ƙarafa biyu a buɗe. Ya taɓa na farko, ƙwai ya kama. Ya taɓa na biyu, shiru. Fiyus ya tsinke ke nan. Bai tsaya nan ba, ya bi wayar da yatsa har inda ta ratsa wani rami a ƙarƙashin sitiyari. Gargadar hanya ta sa bakin ƙarfe ya yi ta goga ta har robar ta zare, tagulla tana taɓa bodi.

Wannan bin sawun shi ne aikin. Fiyus ba ya tsinkewa don nishaɗi, an yi shi ne ya mutu a madadin waya. Launinsa kuma yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya cire ja ya sa kore don ya huta da canji, ko ya naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ya mayar da wayar motar ita ce fiyus, kuma ita idan ta yi zafi wuta take kamawa a bayan dashbod.

Idan fiyus lafiya lau, sai a duba wayar da masu rewaya ke kira at, baƙar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe. Ta nan wuta ke komawa batir. Masu gaggawa kan ɗaure ta a kan fenti ko a kan noti mai tsatsa, daminar Jos kuwa doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba laima na cin wurin. Alamarta ba ta ɓuya: allurar geji ta riƙa rawa idan an kunna fitilun gaba, ko rediyo ta ɗauke idan an faɗa rami. A kwance notin, a kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Kan gejin zafi mai waya ɗaya ma, wanda ake murɗawa a jikin inji, ta jikin injin yake samun nasa at ɗin, don haka wanda ya cika wa haƙoransa farin tef na masu famfo don kada ruwa ya zuba, shi ya kashe shi.

Rediyon da ake saye a kasuwa wayoyin wuta biyu gare ta. Rawaya tana shan wuta kullum daga batir, ja sai an murɗa makulli. In ka ga kullum tana manta tashoshi da agogo, rawayar ce ta saki ko an juya su. In kuma aka haɗa su duka a kan wutar kullum, rediyon na iya tsotse batir cikin dare, sanyin hunturu ya ƙarasa shi da asuba.

Batirin kansa mita ke faɗin gaskiyarsa. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6 in inji a kashe, in yana aiki kuma wajen 14. Idan an tayar da inji lambar ba ta motsa ba, maganar ta tashi daga geji ta koma kan altaneta.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ɗibar wuta daga kowace wayar da hannu ya kai. A zamanin Peugeot 504 ana yin haka a kwana lafiya. Motocin Beljiyam na yanzu kwamfuta gare su, wasu wayoyin saƙo suke ɗauka ba wuta ba, masu rawayar riga a ƙarƙashin sitiyari kuma galibi na jakar iska ne. Gara a ja sabuwar waya daga akwatin fiyus, ko daga batir da nata fiyus ɗin kusa da kan batirin, a kuma cire baƙin kan batir kafin a yanka komai.

Gejina dai yana nan har yau. Abin da aka saya ranar fiyus ɗaya ne ja, da guntun tiyo da aka zura wayar a ciki.