Kwana Biyu a Malaka: Garin Kogi da Ke Kusa da Mu



Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, yara sukan kawo wa iyaye waya su nuna musu hotunan Benis ta Italiya ko Amstadam ta Holan, garuruwan da ruwa ya ratsa unguwanninsu, ana shiga kwale-kwale kamar yadda muke shiga tasi. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma ga magidancin da ke zaune a Taman Melati, ko ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Gombak, lissafin ba ya fita. Kuɗin neman bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne ga kowane babba, ban da inshora da takardun banki, kuma ana iya hana mutum bayan ya biya. Jirgi daga Kuala Lumpur zuwa Amstadam yana cin kusan awa 13. Hutun Asabar da Lahadi zai ƙare ne a sararin sama.

Akwai garin da ya fi kusa, wanda kogi ya raba shi biyu, Turawan Holan ɗin nan suka mulke shi sama da shekara 150 suka bar gine-ginensu, kuma ana kiran salla a cikinsa sau biyar. Sunansa Malaka, kimanin kilomita 150 kudu da Kuala Lumpur.

Yadda ake zuwa

Daga tashar LRT ta Taman Melati a hau jirgi zuwa Masjid Jamek, a canza zuwa layin Sri Petaling, a sauka a Bandar Tasik Selatan. Nan babbar tashar TBS take, inda bas-bas ke tashi zuwa Melaka Sentral tun safe har dare. Tafiyar kamar awa biyu ce in hanya ta yi kyau, kuɗin kujera kuma yawanci bai kai ringit 20 ba. Daga Melaka Sentral sai a ɗauki Grab zuwa tsohon gari. A sayi tikitin dawowa tun da wuri, domin yammacin Lahadi kowa Kuala Lumpur yake nufa. Mai motar kansa ya bi babbar hanyar kudu ya fita ta Ayer Keroh, ya kuma yi sammako don gudun cunkoso.

Garin da zango ya gina

Wanda ya tashi a zangon Kumasi ko Nima ko Lome zai fahimci tarihin Malaka fiye da yawancin masu yawon buɗe ido. An kafa garin wajen shekarar 1400, a bakin mashigin ruwan da ke tsakanin Malesiya da tsibirin Sumatra. A wancan zamani iska ce ke tura jiragen ruwa, kuma iskar yankin tana kaɗawa ta fuska ɗaya wasu watanni, sannan ta juya. Falken da ya zo daga Indiya ko ƙasar Larabawa dole ya zauna ya jira iskar da za ta mayar da shi gida. Haka na Sin da na Jawa. Zaman jiran nan shi ya haifi unguwannin baƙi, kowace ƙabila da nata. Har yau sunayen suna nan: Kampung Kling ta 'yan kudancin Indiya, Kampung Jawa ta mutanen Jawa.

Sarkin Malaka ya naɗa jami'ai huɗu masu muƙamin shahbandar. Kowanne yana da rukunin baƙin da yake kula da su: ya karɓe su, ya samar musu wurin ajiye kaya, ya sasanta rigimarsu, ya kai su gaban hukuma. 'Yan Gujarat kaɗai suna da nasu guda, saboda yawansu. Dattawanmu za su ce ai wannan aikin sarkin zango ne da maigida, irin waɗanda fataken goro daga Kano suke sauka hannunsu a Salaga. Kamar yadda Musulunci ya bi fatake ya shiga Gonja da Asante, haka ya bi 'yan kasuwa ya kafu a Malaka, sarakunanta suka karɓe shi, daga nan ya ƙara yaɗuwa cikin tsibiran yankin. Babban kwamandan jiragen ruwan Sin, Ceng Ho, wanda shi ma Musulmi ne, ya sha yada zango a nan tsakanin 1405 da 1433.

Kayan da ake saye kanumfari ne da masoro da gyaɗar ƙamshi. Daga Malaka sukan bi ta Indiya da Bahar Maliya zuwa Masar, 'yan kasuwar Benis su saya su sayar wa Turai. Ke nan wani kaso na dukiyar da ta gina gidajen da yaranmu ke gani a hoto, ta wannan mashigi ta wuce.

Ribar ce ta jawo Turawa. A 1511 Turawan Fotugal ƙarƙashin Afonso de Albuquerque suka ci garin da yaƙi. A 1641 'yan Holan suka ƙwace shi da taimakon Sarkin Johor. A 1824 yarjejeniya ta miƙa shi ga Ingilishi. Mutanen Gana su duba wannan jeri da kyau: Fotugal ta gina ganuwar Elmina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Masu mulki iri ɗaya, bi da bi iri ɗaya, a gaɓar teku biyu masu nisan gaske. Wannan darasi ne da yaro ba zai manta ba in an nuna masa a tsaye.

Abin da za a gani ranar Asabar

A fara da dandalin jajayen gine-gine da ke bakin gada. Nan Stadthuys yake, fadar gwamnan Holan da aka gina wajen 1650, yanzu gidan tarihi ne. A bayan tudun akwai Porta de Santiago, ƙofa ɗaya da ta rage daga ganuwar Fotugal bayan Ingilishi sun rushe ta a 1807. Kusa da ita aka sake gina fadar Sarki Mansur Shah da katako, ciki akwai tufafi da makamai da bayanin yadda fada take zama. Tudun kansa matakala ne masu yawa. Tsoho mai ciwon gwiwa ya zagaya ta ƙasa, ba abin da zai rasa sosai. A wannan yanki ne kuma Tunku Abdul Rahman ya sanar da jama'a ranar samun 'yancin ƙasar, a watan Fabrairu na 1956.

In an tsallaka gada, sai tsofaffin tituna masu gidaje siraran fuska, dogaye ta ciki, irin na Amstadam. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihin duniya a 2008, tare da George Town ta Penang. A yi azahar a Masallacin Kampung Kling na 1748, ko na Kampung Hulu na 1728. Ba su da ƙubba. Rufinsu hawa-hawa ne mai tsini, hasumiyar Kampung Kling kuwa ta yi kama da ginin Sinawa. A titi ɗaya da shi akwai wurin bautar Sinawa da na Hindu, kowa yana harkarsa shekaru aru-aru.

Jirgin kogi ya fi daɗi bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Zagayen kamar minti 45 ne, ana wucewa ƙarƙashin gadoji, ana ganin bangaye masu zane da Kampung Morten, ƙauyen Malayawa mai gidajen katako da ya rage a tsakiyar birni. Zaune ake yi, don haka ya dace da tsofaffi da masu goyo. A riƙe hannun yara a wurin shiga da fita. Magariba kuma a yi ta a Masjid Selat Melaka, wanda aka buɗe a 2006 a kan ginshiƙai cikin teku. In ruwa ya cika sai ka ce yawo yake a kansa, ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa can nesa ta hanyar da fataken da suka bi.

Salla a hanya

Nisan Malaka ya wuce na kasaru, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai da ta Shafi'iyya da mutanen ƙasar ke bi. Wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba zai mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu, daga lokacin da ya fita daga gine-ginen gari. Asuba da magariba ba a taɓa su. In ya bi limamin gari, sai ya cika huɗu tare da shi. Baƙon da ya zo ganin 'ya'yansa daga gida kada ya yi mamaki in ya ji liman ya bayyana bisimilla, ko ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u a sallar asuba. Haka mazhabarsu take, sai a bi shi. Mai son tafiya ranar Juma'a ya bari sai an sauko daga masallaci. Maganar haɗa salloli biyu tana da sharuɗɗa, a tambayi malam kafin a tashi.

Abinci

A nan ake yawan yin kuskure. Kasuwar dare ta titin Jonker, wadda ke ci Juma'a da Asabar da Lahadi, tana da kyan gani, amma rumfuna da yawa suna dafa naman alade ko suna soya abinci da kitsensa. Haka wasu gidajen abincin Nyonya da garin ya yi suna da su. Ganin kaza a faranti ba hujja ba ce. A nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, ko a ci a wurin Malayawa da Indiyawa Musulmi. Abincin garin shi ne asam pedas, miyar kifi mai tsami da yaji da ake ci da shinkafa; wanda ya saba da yajin gida ba zai ji baƙunta ba. Yara kuma a saya musu cendol, ƙanƙara da madarar kwakwa da baƙin sukarin da ake kira gula melaka.

Takardu da aljihu

Kowa ya tafi da fasfonsa mai biza da ba ta ƙare ba, har da na yara. Otal zai nema, jami'ai ma suna iya tambaya a hanya. Wanda fasfonsa ke hannun makaranta don sabuntawa ya dakata har ya fito. Hutun kwana biyu bai kai a kwana a hannun hukuma ba. A sani kuma baƙo yana biyan harajin ringit 10 a kan kowane ɗaki kowane dare, kuma tikitin jirgin kogi da na gidajen tarihi ya fi tsada ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Iyali biyu suna iya haɗa kuɗi su kama gida guda mai kicin, a dafa karin kumallo a ciki. Masu keken beca da aka yi wa ado da furanni, a yi ciniki da su kafin a hau.

Kada a ci bashi don yawo, kada kuma a taɓa kuɗin haya ko na makaranta. Daidai ruwa daidai tsaki: wanda bai da halin kwana yana iya tafiya da sassafe ya dawo da dare. Amma mai hali ya tuna da uwargidan da ta shafe watanni tsakanin hawa na goma sha biyar da kasuwar Chow Kit, da mahaifiyar da ta zo jego ba ta ga komai ba sai asibiti. Su ma suna da hakkin shan iska. In akwai kujerar da ta rage a mota, a ɗauki ɗalibin da ba shi da kowa a ƙasar nan.

Da safiyar Lahadi, kafin a kama hanya, a tsaya a Masallacin Tengkera, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a garin. A harabarsa kabarin Sarki Hussein Shah na Johor yake, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba Ingilishi damar kafa Singafo a 1819, daga baya ya ƙare rayuwarsa a Malaka. A yi masa addu'a, a gaya wa yara labarinsa.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.